Kafin Allo, Kafin Boko: Littafin Hotuna da Jariran Nasarawa

A unguwar Nasarawa ta Kano gwamnatin Turawa ta buɗe makarantar bokonta ta farko a Arewa. A 1909 ke nan, a ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, kuma da Hausa ake koyarwa a cikinta. Gidan da ya zauna yana nan har yau, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da shi. A unguwar dai, a kan titin Ahmadu Bello, babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad yake. Makarantun kuɗi masu ajin raino kuwa sun mamaye da yawa daga gidajen da a da manyan ma'aikata ke zama. Idan akwai inda ya kamata littafi ya zama ɗan gida a Kano, to nan ne. Duk da haka, ka shiga gidan da ke da ɗan wata goma a wannan unguwa, ka ce a ɗauko maka littafin Hausa mai hotuna wanda ake ɗora yaron a cinya a karanta masa. A mafi yawan gidaje ɗayan biyu za ka samu: ko a miƙo maka na Turanci da aka sayo a tafiya ko a babban kanti, ko a dube ka da mamaki a ce, "Wannan da ko Mama bai iya cewa ba, me zai gane?"

Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ta gaskiya ita ce jariri ba ya gane labari. Abin da yake samu daban ne, kuma yana sauyawa daga wata zuwa wata. Jinjiri sabon haihuwa bai cika ganin abin da ya wuce tazarar santimita 20 zuwa 30 da kyau ba, wato kusan tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta, kuma idonsa ya fi kama baƙi da fari a kan launuka masu laushi. A wannan lokacin murya kawai yake sha. In ya kai wata shida sai hannu ya shigo, ya cafki littafin ya kai baki. A 1998 Judy DeLoache da abokan aikinta sun wallafa wani bincike da suka yi da jarirai a Amurka da kuma wani ƙauye a ƙasar Kwaddebuwa, suka ga jarirai a duka wuraren biyu suna ƙoƙarin tsinto abin da ke cikin hoto da yatsu, kamar abin na gaske ne. Kafin su cika shekara biyu sai wannan ya ragu, su koma nuna hoton da yatsa suna duban babba. Wannan nunin shi ne abin nema. Yaro ya gane cewa zanen akuya yana wakiltar akuya ne, ba ita ba ce, kuma a kan wannan fahimtar duk wani karatu zai hau daga baya, na allo ne ko na boko.

Akwai wani abu kuma da shafin littafi ke yi wanda tsakar gida ba ta yi. Yaro yana koyon sunan abu ne a lokacin da idonsa da na babba suka haɗu a kan abu guda, babban ya faɗi sunan. Akuyar tsakar gida ba ta tsayawa. Kafin uwa ta ce "ga akuya" ta zagaya bayan ɗaki, idon yaron ya koma kan kaza. Ta littafi kuwa tana nan yau, tana nan gobe, a shafi ɗaya, da yatsan uwa a kanta. Sannan littafi yana jawo kalmomin da hirar yau da kullum ba ta kawo su. Wasu masu bincike uku a Amurka, Montag da Jones da Smith, sun kwatanta kalmomin littattafan hotuna guda 100 da maganar da iyaye ke yi wa 'ya'yansu a gida, a 2015, suka tarar littattafan sun fi yawan kalmomi mabambanta. Ba abin mamaki ba ne. Maganar gida a kan wanka take da abinci da "sauko daga nan". Raƙumin dawa da kwalekwale ba sa shigowa cikinta sai an kawo su.

Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi a Khayelitsha, wata unguwar talakawa a gefen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2015. An ɗauki iyaye da masu rainon yara 'yan wata 14 zuwa 16, aka koya musu na mako takwas yadda ake duba littafin hoto tare da yaro: ka bi abin da idonsa ya tsaya a kai, ka nuna, ka faɗi suna, ka tambaya, ka jira, ka haɗa abin da ke shafin da abin da ya sani a gida. Yaran da aka yi wa haka sun fi takwarorinsu yawan kalmomi da iya tsayar da hankali a kan abu. Tun a 1988 Grover Whitehurst ya nuna irin wannan a Amurka da yara 'yan shekara biyu zuwa uku. Abin lura shi ne wannan hanya ba ta dogara da rubutun da ke shafin ba. Mai raino da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya yin ta. Hirar ce ke aiki, littafin dalilin hirar ne.

To in haka ne, ai Bahaushe bai zo da baƙon abu ba. Mun daɗe da sanin cewa yaro da baki ake gina shi. Akwai waƙoƙin raino da ake yi wa goyo, akwai wasan da ake yi wa mai koyon tafiya ana riƙe da hannuwansa, akwai kacici-kacici, akwai zaurancen yara da salon maganar da ke karya harshe, uwa uba akwai tatsuniya bayan sallar isha. Duk wanda ya zauna a gaban tsohuwa ya san tatsuniya ba wa'azi ba ce. Mai bayarwa ba ta farawa sai an amsa mata. Tana maƙale murya in Gizo zai yi magana, tana kumbura ta in Dodo ya fito, in aka zo wurin waƙa kowa ya sa baki, in ta tsallake wani wuri yaran su yi caa su gyara mata. Duk abin da masu binciken can suka sa wa suna suka auna, yana cikin wannan zaman.

Matsalar ita ce wannan zaman yana da gidan da ya haife shi, kuma ba irin gidan Nasarawa ba ne. A babban gida na cikin Birni, a Yakasai ko Mandawari ko Gwale, jariri yana wucewa daga hannu zuwa hannu tun safe har dare. Kaka tana tsokanarsa da "angona", ko ta ce da jikanya "kishiyata", gwaggo ta goya, yayye su ɗauka su fita da shi zaure. Uwar ma, in ɗan fari ne, al'ada ta ɗora mata alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Al'adar ba ta cuci yaron ba, domin ta san akwai bakuna goma da za su cike gurbin. Yanzu a ɗauke wannan yaron a kai shi gida mai katanga da ƙyaure da mai gadi. Uba ya fita ofis ko kasuwa tun safe, uwa ma sau da yawa tana aiki. Hajiya kaka tana cikin gari ko can garinsu, sai ranar Juma'a ko ƙarshen mako a kai mata jikoki su gaishe ta. Wanda ya rage da yaron yini guda ita ce 'yar aiki, wadda sau da yawa ita kanta yarinya ce, ga wanke-wanke da shara suna jiranta. Alkunya ta yi sauƙi a irin waɗannan gidaje, gaskiya ne, amma bakuna goman nan sun tafi, kuma ba a saba cewa aikinsu ya dawo kan uwa da uba ba.

Abin da ya shiga gurbin kowa ya san shi. Yaro ya fara rigima, a kunna masa katun a waya ko talabijin, ya yi tsit. Ba na zargin uwar da ta gaji. Wayar tana aikin da aka ba ta. Amma waya ba ta jiran amsa, ba ta lura cewa idon yaron ya tsaya a kan kyanwar da ke gefe ba a kan motar da ke tsakiya ba. Shi ya sa a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, ta kuma ambaci karatu da ba da labari tare da mai raino a matsayin abin da ya fi dacewa da lokacin zaman yaro. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun a 2014 ta shawarci likitocinta su riƙa gaya wa iyaye su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa.

A nan littafin hoto yake da wani amfani da ban cika jin ana faɗa ba. Yana ba uba Bahaushe hujjar zama da jariri. Magidanci da yawa suna son 'ya'yansu matuƙa, amma ba su san me za su ce da ɗan wata takwas ba bayan sun ɗaga shi sama sun sauke. Waƙar raino a wurinsu ta mata ce, tatsuniya ta tsofaffi. Littafi kuwa babu namijin da zai ji nauyin riƙe shi. Minti biyar bayan magariba, yaro a cinya, shafi a buɗe, ya wadatar.

Sai dai wane littafi? Tarihin ɗab'in Hausa yana da tsawo, amma in ka bi shi za ka ga ya tsallake wannan shekarun. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Zariya a ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, da zane-zanensa jefi-jefi, amma don ɗalibin da ya riga ya iya karatu aka yi shi. Kamfanin Gaskiya, da hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, da kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966, sun fitar da littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida a farkon shekarun 1970, aikin da har yau ba a biya shi godiyarsa ba, amma shi ma ɗan firamare ya nufa. Daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya ɓarke, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka tabbatar cewa Bahaushe yana sayen littafi da kuɗinsa in an rubuta abin da ya shafe shi. Masu karatunsu matasa ne da matan aure. A baya-bayan nan kuma shirye-shiryen da ƙungiyoyin waje suka tallafa, kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa masu yawa don 'yan aji ɗaya zuwa uku.

Duk waɗannan ko dai don mai koyon haɗa baƙi ne, ko don wanda ya gama koyo. Littafin koyon karatu dole ya taƙaita kansa ga baƙaƙen da yaro ya riga ya sani, shi ya sa jimlolinsa suke fitowa a bushe, kuma haka ya kamata su kasance. Littafin da ake karanta wa jariri ba shi da wannan takunkumin, domin babba ne mai karantawa. Yana iya ɗaukar kalma mai nauyi, mai daɗin faɗa, wadda yaron ba zai iya rubuta ta ba sai bayan shekara biyar. Kuskuren da nake gani a gidajenmu da makarantun rainonmu shi ne an haɗe biyun. An mai da littafin ɗan shekara biyu ya zama share fagen jarrabawar shiga makaranta: A da tuffa, B da ƙwallo, a maimaita, gobe Anti ta tambaya. Yaron da aka fara masa littafi da tuhuma zai daɗe bai yarda cewa akwai daɗi a ciki ba.

Littafin da ya amsa sunansa yana da alamomi. Kalmominsa kaɗan ne, kuma akwai wata jimla da ke dawowa har yaro ya fara tarar numfashin mai karatu. Juya shafi a cikinsa yana da dalili, ana ɓoye wani abu a wannan shafin a bayyana shi a na gaba. Mafi muhimmanci, hoton yana faɗin abin da rubutun bai faɗa ba. Misali mai kyau daga gida Najeriya shi ne Baby Goes to Market na Atinuke, wanda Angela Brooksbank ta yi wa zane, ya fito a 2017. Uwa ce ta shiga kasuwa da goyo a baya da kwando a ka. 'Yan kasuwa suna ta miƙa wa goyon kayan marmari da na ƙwalama, ya ci ɗaya ya jefa sauran cikin kwandon, uwar ba ta sani ba. Yaron da ake karanta wa yana ganin abin da uwar cikin labarin ba ta gani, kuma wannan ne ke sa ɗan shekara biyu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce a sake. Ga goyo, ga kasuwa, ga ɗan acaɓa. Babu abin da zai zama baƙo ga yaron Kano in ban da harshen.

Harshen kuma ba katanga ba ne, in iyaye sun yarda. Littafin Turancin da ke gidan ana iya karanta shi da Hausa tsaf. A rufe ido daga rubutun, a bi hoton: "Abba, wa ke nan? Ina jaririn ya ɓuya? Ga shi! Me ya saka a kwando? Ayaba! Kai ma ka ci ayaba ɗazu, ko?" Ba ni da faɗa da Turanci, kuma na san dalilin da ya sa iyaye a Nasarawa da Bompai suke matsa wa 'ya'yansu a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zancen nan na "Hausa ai za ta zo da kanta". Tana zuwa, amma wace iri? Hausar umarni ce ke zuwa da kanta: zo, tafi, bari, kawo. Hausar da ke da sunan goruba da aduwa da magarya da ɗinya, wadda ta bambanta sassarfa da sukuwa, ba ta zuwa sai an kawo ta. Yaro zai yi shekara goma sha biyu ko fiye yana shan Turanci a aji. Shekaru ukun farko na cinya su ne rabon Hausa, kuma yaron da ya ƙoshi da harshe ɗaya ba ya rasa wurin ajiye na biyu.

Abin takaici shi ne Hausa tana da kayan aikin da marubucin littafin jarirai a wani harshen zai yi kwaɗayi. Dubi kalmomin amsa-kama kawai. Kwaɗo ya faɗa ruwa tsundum. Giwa na tafe tinƙis-tinƙis. Zomo ya tashi wuf, ɓera ya leƙo ɓul, maciji ya wuce sululu. Tumatir ja wur, gawayi baƙi ƙirin, ganye kore shar, tulu ya cika fal. Kowace ɗaya shafi ce guda da hotonta, kuma baki yana jin daɗin faɗinta tun kafin kai ya san ma'anarta. Ga taurarin tatsuniya da ba sai an gabatar da su ba, Gizo da Ƙoƙi da kura da dila. Sai dai a kula, tatsuniyar da ake yi wa ɗan shekara bakwai ba ita za a kwashe a zuba wa ɗan shekara ɗaya ba. Da yawansu suna da tsawo, wasu suna da yanka da haɗiya da ban tsoro. Sai an tace, an ɗauki ƙashin maimaicin an bar sauran zuwa gaba. Wannan aikin marubuci ne na gaske, kuma rubuta kalma tamanin da za a karanta sau ɗari ba a gaji ba ya fi wuya a kan yadda ake zato.

A intanet an ɗan samu sauƙi. African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta ƙaddamar a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, suna da labarai masu hotuna da Hausa kyauta, kuma lasisinsu ya yarda a sauke, a buga, har a sake fassarawa. Da babu gara ba daɗi. Amma mai amfani da su ya karanta da kansa tukuna kafin ya zaunar da yaro. Yawancinsu fassara ce, kuma ingancinta ya bambanta: wata ta zauna daram, wata kuwa kana ji ka san jimlar ba a Hausa aka haife ta ba. Wasu an rubuta su da ƙa'idar rubutun Nijar, wasu an zubar da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ, abin da ke sa mai karatu a bayyane tuntuɓe. Sannan in aka karanta a waya an koma gidan jiya, domin yatsan yaro zai fi sha'awar latsawa a kan kallon hoton. Gara a kai shagon buga takardu a fitar da shi da launi, a sa masa leda a ɗinke. Da wannan hanyar ma ana iya yin littafin gida: hoton Hajiya kaka, na Baffa, na kyanwar gidan, na motar Abba, kowanne da sunansa a ƙasa. Jarirai ba su da abin kallo da ya fi fuskar da suka sani.

Akwai magana biyu da suka shafi addini waɗanda duk mai son wannan abu ya karɓu a Kano bai kamata ya kewaye su ba. Ta farko ita ce hoton abu mai rai. Wasu iyaye suna da damuwa a kai, kuma damuwarsu daga tsoron Allah ta fito. Malamai da yawa sun yi sauƙi a abin da ya shafi wasan yara da koyarwa, suna kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai a ruwayar Abu Dawud. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma ko ya tsaya a kan ra'ayinsa ƙofa ba ta rufe ba: ƙwarya da ludayi, keke da jirgi, wata da taurari, mangwaro da kankana sun isa cika littattafai. Ta biyu ta fi shafar masu bugawa. Mun taso da girmama rubutu. Takarda mai sunan Allah ba a barinta a ƙasa. Jariri kuwa zai tauna littafinsa, ya zauna a kai, ya jefar, ya zuba masa koko, kuma haka ya kamata a bar shi ya yi. Saboda haka littafin mai fitar da haƙori ba wurin sa aya ko addu'a ba ne. A bar waɗannan a bakin uwa tana yi masa, a kawo su a rubuce in ya kai shekarun da zai san a ɗaga su sama. In aka cakuɗa, ƙarshenta littafin zai koma saman kabad inda hannun yaron ba ya kaiwa.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwar littafi na Kano ba su shiga wannan fage ba, lissafi ne. Littafin soyayya ana buga shi da baƙin tawada a takarda mai araha, launi a bango kawai. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, kowane shafi da cikakken launi, a takarda mai kauri. Na jarirai ma kwali ne mai tauri da aka goge kusurwoyinsa, irin wanda akasari daga ƙasashen Asiya ake bugo shi. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, takardar daga waje take zuwa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 komai ya ninka. Ga kuɗin mai zane, wanda rabin littafin nasa ne. Masu zanen dai akwai su. Mustapha Bulama, wanda aka fi sani da zanen barkwanci a jarida, ya yi wa littattafan yara na Fatima Akilu zane a kamfanin Cassava Republic na Abuja, kuma duk wanda ya tsaya ya kalli zanen jikin manyan motoci ko allunan shaguna a Kano ya san hannu bai ƙare ba. A Afirka ta Kudu ƙungiyar Book Dash, tun 2014, tana tara marubuci da mai zane da mai tsara shafi su ba da yini ɗaya kyauta, cikin awa 12 su fitar da littafi, a sake shi ga duk mai son bugawa. Garin da ke da reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da ta binciken karatu a Jami'ar Bayero, ba zai rasa mutanen da za su cika ɗaki ɗaya a yi irin wannan ba.

Rarrabawa ma akwai hanyar da aka gwada. Shirin Reach Out and Read ya fara a wani asibiti a Boston a 1989, likita yana ba da littafi a lokacin duba lafiyar yaro. Bookstart ya fara a Birmingham ta Ingila a 1992 da jarirai 300, ta hannun ma'aikatan lafiya da ɗakunan karatu. Mu ma muna da ranakun da kusan kowace uwa mai zuwa asibiti ke fitowa da jaririnta: rigakafin mako 6 da 10 da 14, da na wata tara. Mata suna zaune a benci suna jiran layi, lokacin da ya ishi wata ta shimfiɗa tabarma ta buɗe babban littafi ta nuna yadda ake yi. Zaman karatu na jarirai, a asibiti ne ko a sashen yara na ɗakin karatu, ba aji ba ne. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, kowane yaro yana jikin wadda ta kawo shi, wanda ya rarrafa ya tafi a ƙyale shi, kuma ainihin ɗalibar ita ce uwar ko 'yar rainon da za ta koma gida da salon. Buƙatar ta wuce Nasarawa nesa ba kusa ba. Binciken MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF ya sha nuna cewa yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar da ke da littattafan yara uku a gida ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Na tsaya a kan Nasarawa ne domin a harkar ɗab'i kwafin farko shi ne mai tsada. Kuɗin zane da tsarawa da haɗa faranti ɗaya ne ko kwafi 500 za a buga ko 10,000, saboda haka farashin kowane kwafi yana sauka ne gwargwadon yawan da aka buga. Wani ne zai fara saye da tsada kafin littafin ya yi arahar da zai kai Rimin Kebe ko Gezawa, kuma masu wannan halin suna zaune ne a unguwanni irin wannan. Gidajen da ke kai turmin atamfa da kwalin sabulu barkar haihuwa za su iya ɗora littafin Hausa guda a kai. Makarantun raino ashirin a Nasarawa da Bompai, in suka haɗa oda suka ce kowane aji yana son littattafan Hausa na karantawa a bayyane, sun isa su sa mai buga littafi ya kira mai zane ya yi ciniki da shi.